Malam Sa'idu Ya Tafi Bai Ƙarasa Aikinsa Ba

Malam Sa'idu ya rasu.

Da safiyar nan ina shiga get ɗin kamfaninmu a Kudenda wayata ta yi ƙara. Madam Rifkatu ce, wadda ta yi shekaru tana aiki tare da shi a ɗakin gwaji. Kuka take yi, da ƙyar na fahimce ta. Wai ya dawo daga sallar asuba ya ce kansa na sara masa, ya kishingiɗa a falo. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mini kemistiri a jami'a. Dakta ne, amma ya hana mu kiransa da hakan, sai dai Malam. Ranar da na fasa kwalbar gwaji mai tsada a gaban 'yan ajinmu, sai kawai ya kama hannuna ya duba ko na yanke.

Bincikensa a kan ciwon daji ne. Wasu ƙananan ƙwayoyi yake haɗawa waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu nano. Burinsa a ɗora musu magani su kai shi kai tsaye inda cutar take, ba tare da sun illata sauran jiki ba. Mahaifiyarsa kansar mama ce ta yi ajalinta, kuma ya ga yadda kemo, maganin da ake ba masu cutar a asibiti, ta zubar mata da gashi, ta hana ta cin abinci.

Shekara biyu da suka wuce aka gano irin wannan ciwo a jikin yayata, Yaya Rabi. Ban yi shawara da kowa ba, na hau keke napep sai gidansa a Unguwar Sanusi. Na durƙusa a gabansa ina kuka, na ce ya taimaka ya ba mu abin da yake haɗawa, ko gwaji ne a yi a kanta, mun yarda.

Ya ce, "Hadiza, wallahi da akwai da na ba ki. Abin nan ko a jikin ɓera ban gama gwada shi ba. In na ba ta, cutar da ita zan yi. Ku koma asibiti, kada ku bari kowa ya yaudare ku."

Na fita ina jin haushinsa. Ko sallama ban yi wa Hajiya matarsa ba.

Washegari sai ga motarsa a ƙofar gidanmu. Shi ya kai mu wajen likita, ya zauna a benci har aka gama, ya yi ta yi wa Yaya bayanin aikin da za a yi mata da Hausa, a hankali, har ta daina tsoro ta sa hannu. Bai taɓa tayar da maganar fushina ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne. Na same shi a tsakar gida ya rame. An ɗauke wuta kwana uku, janareta ya lalace, duk abin da ya adana a firjin ɗakin gwaji ya ɓaci. Aikin wata da watanni.

Na ce, "Malam, ku huta mana."

Ya ce, "Zan huta. Bari dai in sake haɗa ƙwayoyin, in rubuta komai dalla-dalla, don wanda zai zo bayana kada ya fara daga farko."

Ban sani ba ko ya samu ya rubuta.

Yaya Rabi tana nan, an yi mata aiki, tana ci gaba da karɓar magani. Jibi za ta koma ganin likita, kuma jiya ma sai da ta tambaye ni ko Malam zai samu zuwa. Har yanzu na kasa faɗa mata.

Ya Allah Ka gafarta wa Malam Sa'idu, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ka ba Hajiya da yara haƙurin wannan rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ku sa da masu fama da wannan ciwo a ciki.