Kalmar da Sa'adu Ya Kawo Daga Sifen

Ruƙayyatu ta Taloka ba ta yi boko ba, amma ta san kalma ɗaya ta Sifaniyanci, kuma ta tsane ta. Kalmar ita ce lavar, wato wankewa.

Mijinta Sa'adu ne ya zo da ita. Ya yi shekaru a Sifen yana aiki a gidan abinci, ya dawo ya yi rufin kwano, ya sayi injin ban ruwan albasa. Sai dai ya haɗo da wani hali. In ya gama cin tuwo, maimakon ya tura kwano gefe kamar kowane magidanci, sai ya nufi randa da shi. Wanda ta riga ta wanke ma sai ya ɗaga shi a rana, ya shafa yatsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Lavar," ya sake cuɗawa.

Ruƙayyatu kuwa tun tana budurwa aka san ta da toka da soso. Har gindin tukunyarta ƙyalli yake.

Wata rana ta ce wa Sa'adu, "Baban Khalid, mi niy yi maka? Ni ƙazama ta?"

"Ba ke ba ta, hannuna na ba shi jin magana. Ranar da nis sauka, mai gidan abincin yan nuna mini tulin kwanuka, yac ce lavar. Da ita nika tashi, da ita nika kwana."

Ta haƙura, har ranar sunan ɗan ƙanenta a Goronyo. Sa'adu ya shiga cikin gida gaida surukarsa, ya ga kwanukan masa jibge a tsakar gida. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a tsakiyar mata.

Wata gwaggo ta tafa hannu. "Allah sarki, bawan Allah. Ashe gida ba a wanke mishi."

Dariyar da aka yi ta biyo Ruƙayyatu har Taloka. Ko mayafi ba ta cire ba ta tare shi.

"Shekara nawa ina kankare tukunya, kaɓ ɓata mini suna yini guda? Ko dai ka bar mini kwanukana, ko in koma gidanmu, ka yi ta lavar ɗinka har ka gaji."

"To, ya zan yi da hannun?"

"Kai shi inda ba a yi mini dariya."

Ita ta sa ƙanenta ya samo fili a bakin titin Goronyo, aka kai injin ban ruwan. Yanzu Sa'adu babura yake wankewa da motocin albasa, abin da ba wanda ya ga aibinsa ga namiji. Yakan dawo da yamma yatsunsa sun yi yaushi, ya ci tuwo, ya ture kwano.

Gwaggon nan ta zo kwanaki, ta ci abinci, ta juya kwanon ta duba, ta nemi aron tukwane. Ruƙayyatu ta ba ta, fuska a murtuke. Har yau dai in ana biki, Sa'adu a zaure yake tsayawa, sai ta leƙo ta ce an kwashe kwanuka, sannan ya shiga gaisuwa.