Shafukan da Na Tsallake wa Surukina

Ido ne ya kawo surukina Landan. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yanar ido ta rufe shi, likita ya ce idan aka yi aiki zai dawo, idan aka bari zai bi ɗan'uwansa. Muka sauke shi a ɗakin yara a gidanmu na unguwar Edmonton, hawa na huɗu, 'yan matanmu biyu suka dawo ɗakinmu da katifunsu. Ya zaɓi kujerar da ke jikin taga a falo, kusa da hita mai ɗumama ɗaki, nan yake wuni yana sauraron jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan gida.

Shekarata goma sha ɗaya da aure a lokacin, amma ban taɓa zaman minti biyar wuri ɗaya da shi ba. A Kano daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wajen, in tashi. Ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi. Maigidana ɗan fari ne, ko sunansa tsohon ba ya kamawa, sai dai "yaron nan". Ni kuwa "'yar nan". To amma kunyar da aka saba yi a gida mai zaure da tsakar gida, sai ga shi an kawo ta gida mai ɗaki biyu da lungu ɗaya. Idan na ji motsin sandarsa sai in faɗa kicin in tsaya kamar mai neman wani abu.

Saura kwana uku a yi aikin maigidana ya shigo da takarda a hannu.

"Baba, an yi cancel ɗin appointment ɗin. Sun mayar da shi nan da sati bakwai."

Tsohon ya ce a sayo masa tikitin komawa gida. Ya ce sanyi ya ishe shi, zaman kujera ya ishe shi, kuma abin da zai gani a duniya ya gani. Maigidana ya roƙa, ƙannensa suka bugo waya daga gida suka roƙa, ya kafe. Duk mun san idan ya hau jirgin nan ba zai dawo ba, idon kuma shi ke nan.

Ni tun ina sakandare nake da wata jaraba, littattafan Faransawan da, waɗanda aka juya zuwa Turanci. Manya ne masu kauri, cike da takubba da dawaki da wasiƙun sirri da mutanen da ba su san amfanin ƙofa ba sai taga. A shagon gwanjo nake tsintarsu. Wata la'asar ina kicin ina ba babbar 'yata labarin ɗaya daga ciki da Hausa, don kunnenta ya saba, ita kuma tana mayar mini da Turanci kamar kullum. Na kai inda saurayin labarin ya isa gindin katangar kurkuku sai shinkafa ta fara kamawa, na katse. Daga falo na ji murya.

"'Yar nan, ya haura katangar kuwa?"

Wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini wadda ba ta lafiyar yara ba ce.

Washegari ya ce wa ɗansa a jinkirta tikitin har a gama karanta masa littafin nan, ranar da aka gama zai tafi. Maigidana ya biyo ni kicin yana raɗa, "Don Allah ki ja shi. Ki yi managing ɗinsa har ranar appointment." Na duba, babi saba'in ne. Idan na yi biyu kullum, Litinin zuwa Juma'a, zai kai mu daidai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, har da 'yar fariyata.

Da safe nake aiki a wani kantin magani. Ƙarfe ɗaya nake dawowa, in yi azahar, in kai masa abinci, sannan in zauna a kan kafet can kusa da ƙofa, idona yana karanta Turanci bakina yana fitar da Hausa, har lokacin ɗauko yara daga makaranta. Labarin wani saurayi ne ɗan babban gida da ya karye, an kulle yayansa a kurkuku bisa ƙazafi, shi kuma ya rantse sai ya fito da shi. Surukina mai sauraro ne na gaske. Idan aka zare takubba sai ya gyara zama. Idan saurayin ya yi wauta ya ce, "Kai, yaro dai yaro ne." Ya fara cinye abincinsa.

A babi na tara matar ta shigo.

Sau uku na karanta littafin nan a baya, amma abin da mutum ya karanta shi kaɗai a bas ba ya jin nauyinsa. Matar gwamnan kurkukun ce, kyakkyawa, mijinta tsoho, ga saurayinmu yana hawa igiya zuwa tagar ɗakinta. Idona ya riga bakina isa ƙasan shafin, na ga abin da ke tafe. Ni ce zan buɗe baki in faɗa wa uban mijina wannan da Hausa?

Na ce, "Sai ya je gaida yayarsa."

"Ta taga?"

"Eh Baba. Mijinta ba ya son danginta."

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Turawa ma suna da zumunci."

Daga nan hanya ta buɗe mini. Duk inda suka keɓe sai in ce sun gaisa. Gaisuwar da ta ci shafi shida in gama ta da kalma biyu. Wasiƙun da take aiko masa suka zama na tambayar lafiya. Da mijin ya gano ya kira shi fito-na-fito da takobi, na ce rikicin gona ne. Kowane wuri na tsallake sai in lanƙwasa kunnen shafin, don ni kaina kada in ɓata.

Abin da ban lissafa ba shi ne Bafaranshe ba ya rubuta soyayya da tsimi. A ƙarshen mako na uku na duba na ga mun wuce inda ya kamata mu kai a mako na biyar. Kunyata tana cinye littafin. Idan na ci gaba a haka za mu gama saura mako biyu a yi aiki, tsohon kuma mutum ne mai magana ɗaya. Na tsorata ƙwarai, kuma ban gaya wa maigidana ba, don ba na son in ji "ai na faɗa miki".

Sai na fara ƙari. Na sa dokin saurayin ya gurɗe a hanya, ruwa ya tsuge, ya fake a wani masauki da babu shi a ko'ina sai a kaina. Na ba masaukin mai shi, wata bazawara mai faɗa, wadda ba ta tsoron soja ba ta tsoron basarake, takobi ma sai an ajiye mata shi a bakin ƙofa kafin a ci abincinta. Kakata ce na ɗauko sukutum na sa mata rigar Faransawa. Ina zuba ina juya shafi don ya ji ƙarar takarda. Kwana huɗu saurayin yana masaukin nan, tsohon yana dariya har da tari. Ni ma, in faɗi gaskiya, daɗin abin nake ji. A rana ta biyar na ce mai masaukin ta jiƙa wa dokin kanwa.

Ya ce, "Kanwa."

Na ɗago kaina daga littafin.

"'Yar nan, a nawa littafin babu wannan masaukin."

Sai ya faɗi wata doguwar magana da Faransanci, a hankali, kamar mai tilawa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ya ce farkon babi na tara ke nan. Yana yaro an kai shi Maraɗi wajen kawunsa, ya yi shekara biyar a makarantar Faransanci, wannan littafin aka ba shi kyauta da ya zo na ɗaya. Ya karanta shi har bangon ya cire. Da aka dawo da shi Kano ya shiga wata rayuwar, bai sake samun wanda zai yi zancen da shi ba, 'ya'yansa ma ba su sani ba.

Ya ƙara da cewa, "Kuma matar nan ba yayarsa ba ce."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mako uku ina shirga wa dattijo ƙarya yana cewa ikon Allah. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Sai kuma bakina ya kuɓuce, na faɗi abin da suruka ba ta faɗa: "Idan ya ƙare za ka tafi. Ba na so ka tafi da idon nan haka."

Ya ce ya sani. Ido ne ya rasa ba kunne ba, raɗar da muke yi a kicin duk tana zuwa masa. Ya ce maganarsa tana nan, ranar da aka gama littafi zai tafi. Ya ɗan tsaya, jirgi ya wuce, sannan ya ce, "Amma littafin da aka tsallake ba a gama shi ba. Nawa kika tsallake?"

Na duba gefen littafin, ya kumbura da lanƙwasassun shafuka. Na ce da yawa.

"To ki koma ki karanta su."

Ga yadda muka yi. Ya sa na juya masa kujerar ta fuskanci taga sosai, ya ba ɗakin baya. Ni kuma na fita lungu na zauna a ƙasa bayan ƙofa, na bar ta a ɗan buɗe. Ya ce, "Ba ni kike karanta wa ba. Karatunki kike yi a gidanki, ni kuma ina zaune ina jin jirgi." Ranar farko na rasa kalmomin ma, don akwai abubuwan da na san su da Hausa amma ban taɓa furta su da ƙarfi ba. Inda Bafaranshen ya wuce gona da iri sai in ji gyaran murya daga falo, in tsallake zuwa ƙasan shafi. Ya san wuraren kafin in kai. Sau ɗaya ne na tsallake da kaina, na ji ya ce wa taga, "Akwai maganar zobe a nan."

Sai ga labarin ya miƙe. Na ga dalilin takubban, na ga dalilin da ya sa matar ta saci mabuɗin mijinta, abin da rikicin gona ba zai taɓa sa ta yi ba. Ranar da muka kai inda suka rabu, ita ta zauna shi ya tafi, na gama babin ban ji motsi ba. Na leƙa. Yana zaune hannunsa a kan sanda, ya ce wa taga shekararsa goma sha huɗu da ya fara karanta wurin nan, a ƙarƙashin wata bishiya, kuma bai ci abincin rana ba. Na koma bayan ƙofata.

Ranar aiki ta zo saura babi ɗaya. Shi da kansa ya ce a bar shi.

An yi aikin lafiya. Da aka cire bandejin ya kira jikokinsa ya daɗe yana kallonsu, ya ce ƙaramar cikinsu, goshin kakarta ta ɗauko. Na zo bakin ƙofa na durƙusa na yi masa barka. Ya amsa yana kallon wani wajen, kamar yadda ya kamata. Na tashi na shiga kicin. Na yi murna har cikin raina, kuma a tsaye a wurin na gane zaman nan ya ƙare. Mai ido ba ya bukatar a karanta masa, suruka kuma ba ta da dalilin zama. Da aka ba shi tabarau ya karanta babin ƙarshe da kansa, ya aiko mini da littafin ta hannun babbar 'yata. Abin ya yi mini ciwo, ban san zai yi ba.

Ana gobe zai tafi, maigidana ya shigo yana sosa kai.

"Baba ya ce in tambaye ki, wai mai masaukin nan, yaya ta ƙare da dokin? Wace ce kuma mai masauki? Wata 'yar flat ɗin ƙasa ce?"

Na ce ba ruwansa. Na zauna a teburin kicin da littafin rubutun yara na ƙarasa labarin da Hausa, shafi goma sha ɗaya. Na warkar da dokin, da kanwar da komai. Na sa takardun a jakarsa ƙarƙashin huluna.

Bai taɓa ce mini ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau idan muka je Kano daga bakin ƙofa nake gaishe shi. Amma ya daina ce mini 'yar nan. Duk ranar da ya bugo waya, idan sun gama magana da ɗansa, sai ya ce, "A gaida mai masauki."