Ranar da Kawu ya koma tsohon hannu

Ina da mantuwa, amma ranar da akori-kurata ta kwanta a bakin iyakar Jibiya ba za ta fita raina ba.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowa yana sayen ƙarfe. Ni ma na sayar da gonar gadonmu ta Daddara na sayi motar. Ban iya tuƙi ba, sai na ba kawuna, wanda ya tsufa a hanyar Maraɗi. A zamaninsa Nijeriya hagu take bi, Nijar dama, saboda haka duk direba yana da wurin da yake sauya hannu a iyaka. Na Kawu wata tsamiya ce. Ba a daɗe da mayar da mu dama ba, rediyo kullum sai ya faɗa.

Mun ɗauko wake daga Maraɗi da hantsi, yana ba ni labarin wata tsohuwar rigimarsa da 'yan kamasho. Muna isa tsamiyar nan, ya zare ya koma hagu, bai ko yanke maganar ba. Ga tankar mai tana tahowa.

Na ce, “Kawu, hannunka.”

Ya ce, “Mi ya kawo wannan mahaukaci hannuna?”

Da ya farga sai ya murɗe sitiyari, muka faɗa kwazazzabo. Ba wanda ya mutu. Motar ce ta karye a tsakiya, awaki suka taru a kan waken.

Jandarman Nijar ya zo, ɗan sandanmu ya zo. Ba mai jin Turancin wani, da Hausa suke magana. Jandarma ya dubi Kawu ya girgiza kai ya ce “distiraksiyon.” Namu ya ce, “Kai, mu ma haka muke cewa, distirakshan.” Suka yi dariya, har da tafawa. Iyakar karatuna firamare, sai da na tambaya. Wai shagala, mutum yana nan hankalinsa na wani wuri.

Kawu yana kakkaɓe hula ya ce, “Ɗana, ni ban shagala ba. A nan nake juyawa tun kafin a haife ka.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta dawo min da gona ba. Shi ya samu wata motar a watan, ni har yau buhun wasu nake aunawa a kasuwa. Tun ranar, in aka ce min wane ya daɗe a kan aiki, sai in tambaya ko aikin ya canza bai sani ba.