Batirin da na ba da aro lokacin girbin dawa

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan ya birkita mana ƙasa, ni ne mai gyaran wuta a unguwarmu a Gadarif. "Muhandis" ake ce mini, alhali ko ƙofar makarantar injiniya ban taɓa leƙawa ba. Sukundireba ce da filaya, sai baki. Kai, ina da baki a lokacin!

Mahaifiyata tana da asma, tun zamanin da take sheƙar dawa da riɗi a gonakin mutane ƙirjinta ya lalace. Likita ya rubuta mata wani ɗan injin shaƙa: a zuba magani, a jona a wuta, ya riƙa fitar da tururi tana shaƙa har numfashinta ya sauko. Saboda injin nan na haɗa mata babban batir da faifan sola ɗaya a kan rufi, don da bazara wutarmu sai ta ga dama take zuwa.

Kowa a garin nan ya san lissafin. Da zafi wuta take gudu, lokacin da aka kunna fanka da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko'ina. Da sanyi kuwa tana nan daram. Shi ya sa idan girbin dawa ya kama, masu batir sukan ba da aro a tafi da shi gona, leburori su yi cajin waya. Abokina da ke kula da wata gona can hanyar Gallabat ya zo mini da wannan roƙon.

"Ya zol, mutumina, sati biyu kacal. Batirin nan zaman banza yake yi."

Yayata, wadda ke zaune da mahaifiyarmu tana jinyarta, ta leƙo daga madafa ta ce, "Auta, in aka ɗauke wuta fa?"

Na yi dariya. "Da sanyi, Yaya? Ni fa nake aikin wutar nan. Ke dai ji da tukunyarki."

Inna na kan gadonta tana jin mu. Ta ce, "A ba shi. Mutanen gona ma 'ya'yan wasu ne, suna son jin muryar iyayensu." Da hannuna na ciccibi batirin na sa masa a mota, na hau rufi na kwance faifan.

Sai ga wani sanyi da ban taɓa gani ba a Gadarif. Iska ta taso daga wajen tsaunukan Habasha, ruwan tulu ya koma ba ya shayuwa. Mutanen da ba su saba ba kowa ya fito da hita, da ƙarfen dafa ruwa, wasu har rishon lantarki suke barin shi a kunne don ɗaki ya yi ɗumi. Ni kuma ina yawo gida-gida ina canja soket ɗin da suka narke, ina ta barkwanci, ban hango komai ba.

Ranar Alhamis da safe taransifomar unguwa ta yi wata ƙara, ta hau tsiyayar mai. Ina ganinta na san wannan ba gyaran yini ɗaya ba ne.

Da hantsi ƙirjin Inna ya ɗaure. Yaya ta jona injin, shiru. Kusurwar da batirin yake zama kawai ta kalla. Na kira abokina, wayar ba ta shiga, gona babu sabis. Na rungumi injin na fita ina buga ƙofofi. Duk mai batir ya tura nasa gona kamar yadda na yi. Maƙwabcinmu mai janareta bai tayar da shi ba tun damina, muka ja igiya har hannuna ya sale, janaretan ya ƙi tashi. A hanya mutane na tare ni, "Muhandis, yaushe za a kawo?"

Na dawo na sake jona injin a bango, ko Allah zai sa. Yaya ta riga ta kira raksha, keke mai ƙafa uku. Muka sa Inna a tsakiyarmu cikin bargo, tana jan numfashi da ƙyar, leɓɓanta sun canja launi. Ta kama hannun jallabiyata ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, "Auta, kada ka yi wa abokinka faɗa."

A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin la'asar Inna ta cika.

Ranar uku, muna zaman makoki a tsakar gida da yamma, sai muka ji ihun yara a titi, an kawo wuta. Daga ɗakin Inna injin ya tashi da kansa, yana gurnani, ɗakin ba kowa. Wallahi na kasa miƙewa. Yaya ce ta shiga ta kashe shi, ta fito ta ci gaba da zuba wa baƙi shayi.

Abokina ya dawo da batirin bayan sati, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ban yi masa faɗa ba.

Yanzu aikin sola nake yi, kowa na cewa ita ce gobenmu, tunda rana dai muna da ita har ta yi yawa. Wataƙila haka ne. Ni dai na daina rantsuwa a kan wuta, ta gwamnati ko ta rana, kuma na daina cewa na san halin sanyin garin nan. Duk gidan da na shiga aiki, kafin in hau rufi sai na tambaya ko akwai mara lafiya. In akwai, nakan ce batirin nan ko uban wa ya zo aro kada a bayar.

Mutane sun yi ta ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma abin yana ci na har gobe. Yaya ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Da ta zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi. Ba ta yi ba, kuma na san ba za ta yi ba.