Wankin daɓen tsohon gidan giya

Aminina mutumin Maraɗi ne, yana da kanti a unguwar Parkchester da ke Bronx, nan ƙasar Turawa, kuma ya daɗe yana burin buɗe gidan abinci inda mutanenmu za su ci tuwo su yi taron suna. Da Allah ya nufa sai ya samu haya a gabashin Bronx, wani tsohon gidan giya da ya jima a rufe. An ce tun unguwar tana ƙauye aka gina shi, lokacin da manoma ke ɗaure dawakai a ƙofarsa.

Mai gidan wata tsohuwar Baturiya ce. Ta yarda a daina sayar da giya, ta yarda ya gina kicin da babban zaure a filin baya. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a taɓa daɓen katakon ɗakin gaba, don kakanta ne ya shimfiɗa shi. In ya lalace, za ta karɓe makullinta.

Aiki ya yi kyau. An kankare bango, an gyara tagogi, zauren baya ya tashi da daɓen siminti. Ni aka ba allo in rubuta marhaba da ajami, a rataye a bakin ƙofa.

Sai yayansa ya zo dubawa. Dattijo ne mai tsantseni, wanda jama'armu ke jin maganarsa. Ya tsaya daga waje, ya ƙi shiga. Aminina ya ce masa an goge ƙasan da tsumma da sabulu har yana ƙyalli.

"Goga ba tsarki ba ce, ƙanena," in ji shi. "Giyar kaka da kakanni ce a ƙasan nan. Sai ruwa ya gudana a kanta, ko kuwa ni da iyalina ba mu ci a nan ba."

"Yaya, katako ne fa."

"Katakon ba ya jin ruwa ne? Ko shi ma Bature ne?"

Aka yi dariya, amma magana ta zauna. Bayan sallar Juma'a suka jawo tiyo daga baya, suka malala ruwa kamar yadda ake wanke tsakar gida a Maraɗi, suka rufe ƙofa don ya bushe.

Ranar da na kawo allona, na tarar da aminina yana tura ƙofar gaba da kafaɗa, ta ƙi buɗuwa. Muka zaga ta baya. Abin da na gani ya sa na kama bango ina salati. Daɓen nan ya kumbura ya tashi layi-layi kamar kunyar gyaɗa, wasu allunan sun tsage, ƙusoshi sun fito tsirara, ga wani tsamin giya da ruwan ya tayar. Aminina ya zauna a kan bokiti.

Wasu suka ce a shimfiɗa kafet a yi shiru. Ya ce shi ba zai ci amana ba, ya buga wa mai gidan waya.

Ta zo da sandarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta lallaba ta durƙusa a bayan kantar da ake sayar da giya a da, ta shafa wani wuri da ya loɓa. Ta ce nan ubanta ya yi tsayuwar rayuwarsa, ƙafarsa ce ta cinye katakon, kuma bai taɓa barin ruwa ya kwanta a kai ba, da garin katako yake sharewa. Ban taɓa zaton zan ga mutum yana hawaye saboda ƙasan gidan giya ba, kuma ban zaci zuciyata za ta karye tare da tata ba.

Ta tambayi dalili, ya faɗa mata gaskiya. Sai ta miƙa hannu.

"Ba ni makullin gaba. Abin da ka gina a baya, riƙe abinka."

Haka aka buɗe gidan abincin, ta lungu ake shiga, kuma a can allona yake. Yayan yana zuwa cin dambu, yana yaba tsabtar siminti. Ni kuwa in na sauko daga jirgin ƙasa na bi ta gaba, nakan leƙa taga. Daɓen yana nan a kumbure, ba ta gyara ba, ba ta kuma ba wa kowa haya ba.