Wardin Wurin Alwala

Da aka kawo ni Birnin Kudu daga garinmu Gwaram, na tarar da wani tsiro mai ƙaya kusa da dutsen da maigidana ke zama ya yi alwala. Malamin gona ne shi. Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya yanko masa reshe ɗaya lokacin da zai koma ƙasarsu bayan samun mulkin kai, ya ce masa wardi ne mai hawa, in ya ji daɗi sai ya rufe bango da fure. Malam ya dasa shi a wurin alwala, don ya riƙa shan ruwa sau biyar a rana ba tare da an ce ana ɓarnar ruwan rijiya ba.

Ni dai ban ga abin so a jikinsa ba. A gidanmu abin da ke hawa danga shi ne duma da soso da kabewa, kowanne da amfaninsa. Wannan kuwa ba ya shiga miya, ba ya wanke kwano, aikinsa yaga zane in na yi shanya. Na sha faɗa wa Malam haka, shi kuma dariya kawai yake yi.

Ya kafa masa dogayen gora uku, ya ɗaure shi a miƙe. Duk reshen da ya karkata, sai ya ɗauko igiyar rama ya miƙar da shi.

“Mai hawa aka ce, ’yar Gwaram,” in ji shi, “ba mai kwanciya ba.”

Haka ya yi ta hawa har ya wuce rufin ɗakinmu. Fure kuwa biyu ko uku a shekara, can ƙololuwa, inda tsuntsaye kaɗai ke morarsu. Shekara tara ana haka.

Sai idon Malam ya soma dushewa. Da farko ya ɗora wa fitila laifi, daga baya ya ce rubutun takardun ofis ne ya ƙanƙance. Lokacin gari na cika da rufin kwano da sababbin babura, shi kuwa ya ajiye nasa babur ɗin, ya ajiye aikin ma. Yakan zauna a kan dutsen ya ɗaga kai.

“Akwai fure?”

“Akwai biyu, Malam.”

“Ta ina?”

In nuna masa, ya daɗe yana kallon inda ba nan ba. Wata rana ya ce da ni, “Da zan gan shi a cike sau ɗaya kafin idon ya tafi, da na gode Allah.” Ranar ce na fara jin kunyar tsokanar da nake yi masa.

Gab da damina ƙanensa ya kai shi Kano a yi masa aikin ido. Suka daɗe a can. Na mayar da alwalata wurin dutsen, don kada abin ya bushe a hannuna. Ana nan sai iskar ruwan farko ta zo, ta karya gorar nan duka uku, wardi ya zube a tsakar gida, ba a ma iya wucewa zuwa madafa.

Da na aika maƙwabta, da sun zo sun tayar da shi. Ban aika ba. Gaskiya har da haushin shekara tara a ciki. Na yayyaga wani tsohon zanena, na lanƙwasa rassan ɗaya bayan ɗaya, na kwantar da su a jikin danga ina ɗaurewa sakwa-sakwa, yadda Innata ke yi wa duma. Na datse waɗanda suka karye. Hannuna duk ya yi jini, ina yi ina mita.

Malam ya dawo, aikin bai yi ba. Haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Da aka zaunar da shi a kan dutsen, ya miƙa hannu neman gora, bai ji komai ba. Na faɗa masa abin da na yi. Bai yi faɗa ba, ya ce, “To, Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana da kwanaki ina ganin na kashe masa abu ɗaya da ya rage yana jira.

Bayan ’yan makonni sai na ga kowane ido na rassan nan da na kwantar ya fito da ɗan tsiro, kowane tsiro da tohon fure a kansa. Ashe a tsaye ƙololuwa kaɗai yake ba ƙarfinsa, a kwance kuwa ko’ina yake rabawa. Ban faɗa wa Malam ba, ina tsoron kada su zube.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, yana zaune da buta a hannu, sai ya tsaya.

“Wa ya zuba turare?”

“Ba kowa, Malam.”

Na kama hannunsa na kai jikin danga. Ya bi reshen da yatsu a hankali, ƙaya na sukarsa bai damu ba, yana ƙirga fure. Ya wuce ashirin ya daina. Danga ta yi ja tun daga bakin rijiya har ƙofar madafa, duka daidai fuskarsa. Ya taɓo ƙullin tsumman, ya murza shi.

“Zanenki ne wannan, mai ɗigo-ɗigo.”

“Shi ne.”

“Shekara tara ina tura shi inda hannuna ba ya kai,” in ji shi. Ya sa hancinsa cikin fure ɗaya, ya daɗe. Sannan ya ce, “Faɗa mini launinsa, ’yar Gwaram. Kada ki rage komai.”

Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Ya jira har na gama, sannan na faɗa masa.