Kabarin da Na Ce Na Sani

Matata ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, ta bar mini 'ya ɗaya mai shekara takwas. Yarinyar ta girma, ta gama lise, wato sakandare, yanzu duk abin da ban sani ba a duniya sai ta karanto mini shi daga waya. Ni ƙusa da kwaɗo nake sayarwa a Grand Marché, babbar kasuwar N'Djamena, boko kuwa aji uku na yi na gudu, sai ga shi Allah ya ajiye mini farfesa a cikin gida.

Wata Juma'a bayan la'asar ina shan shayi a tsakar gidanmu a unguwar Boutalbagar, ta miƙo mini wayar. Wai mutanen Meziko ne, ranar matattunsu. Na duba. Maƙabarta ta cika maƙil kamar ranar kasuwa. Sun share kaburbura, sun zuba furanni ruwan ɗorawa, sun kunna kyandir, ga hoton mamaci, ga abincin da yake so an jera masa. Wasu sun zana ƙwarangwal a fuska, wani har da abin kiɗansa.

Na ce, "Madalla. Mutum ya gama shan wahalar duniya, ya samu ya kwanta, sai dangi su biyo shi da makaɗi."

Ta ce, "Baba, ba wasa suke ba. Sun ce a ranar matattu kan dawo ziyara."

"Su dawo su yi me? Su shiga taɓon layinmu?"

Ba ta yi dariya ba. Na ci gaba da wa'azina. Na ce mu ma muna da namu, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, kuma masu rai muke ciyarwa, su ci su ƙoshi su tafi suna kushe miyar. Ta bari na gama tsaf.

"To, Baba, ina kabarin Umma?"

A wurinmu mata ba sa raka gawa. Ranar da aka fitar da uwarta, tana cikin gida a cinyar wata maƙwabciya. Mu maza muka tafi muka dawo. Idan akwai wanda zai nuna mata wurin, ni ne.

Na ce, "A maƙabartar Lamadji mana. Ko ido rufe na kai ki."

Rabona da wurin tun ranar arba'in. Kowace Sallah ina cewa zan je, kowace Sallah kuma akwai zafi, ko ruwa, ko baƙi. Na so in zille, na ce malamai sun hana mata zuwa maƙabarta. Ta danna waya ta fito da nata malamin, shi kuma ya halatta. Yanzu kowa da malaminsa a aljihu.

Ran Lahadi muka kama hanya, mota biyu sannan babur. A hanya ina ta bita a raina. Ranar jana'iza wan matata, wato surukina, ya kafa fasasshen tulu a wajen kai. Ni kuma mai wayo na lura da wata aduwa, na ƙirga kabari bakwai daga gindinta zuwa gabas. Ban ga abin da zai ɓace a nan ba.

Da muka shiga sai na ga maƙabartar ta yi abin da garin ya yi, ta bazu ta ko'ina. Aduwa kuwa ga ta nan, ga ta can, ga wata bayanta. Fasasshen tulu a kan kowane kabari, kai ka ce duk matattun N'Djamena wurin magini ɗaya suka yi ciniki. Damina goma sha ɗaya ta baje tsofaffin kaburburan, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Na yi gaba da tafiyar mai sanin hanya. Na yi kwana, na dawo, na sake yin kwana. Tana biye da ni da gorar ruwa. Da gumi ya jiƙa mini riga sai na zaɓi aduwar da ta fi kusa, na ƙirga bakwai da ƙarfi don ta ji, na nuna.

"Ga shi nan."

Ta durƙusa. Ta yi addu'a, ta yayyafa ruwa, ta shiga cire ciyawa da hannu. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana gaya wa tudun ƙasar nan cewa ta ci jarrabawa, kuma har yanzu tana kwana da shuɗin zanen nan na uwarta. Ƙarya ba baƙuwata ba ce, na sha rantse wa mutum cewa kwaɗon China na Jamus ne. Wannan dai ta ƙi zama a cikina.

Na ce, "Tashi. Ba shi ba ne. Ban san inda yake ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cire ciyawar har ta gama gefe ɗaya, ta koma ɗayan.

Ta ce, "Bari in ƙarasa. Shi ma wannan yana da mai cewa ko ido rufe ya san wurinsa."

A mota ta zauna can jikin taga, ta bar mutum biyu tsakaninmu.

Juma'ar da ta biyo na je na ɗauko surukin nawa, ya tsufa amma bakin na nan. Tun a hanya yake min faɗa, wai wane irin miji ne zai manta kabarin matarsa. Muna isa ya miƙe zuwa wata aduwa dabam, ya ƙirga tara, kuma zuwa arewa. Na ce bakwai ne. Ya ce tara, shi ya shiga ramin ai. Muka yi ta musu a tsakiyar bayin Allah har muka gaji. Daga ƙarshe ya yi addu'arsa a nasa, na yi tawa a nawa, muna hango juna.

Da na shigo gida tana wanke-wanke. Ta dube ni, na girgiza kai. Ta ɗauraye hannu, ta ajiye mini abinci a kan tabarma, ta shige ɗaki.